Famfon Sitiyarin Tsohuwar Hilux: A Gyara, A Sauya, Ko A Ƙara Masa Ƙarfi?

Mai tsohuwar akori-kura yakan fara tunanin sauya famfon sitiyari ne ranar da ya zo juya mota da lodi a matsattsen wuri, kamar bakin rumfa a kasuwar Dawanau, injin yana sulo, sitiyarin kuma ya ƙi murɗuwa sai da ya sa ƙarfin kafaɗa, ga wani siririn kuka yana fitowa daga ƙarƙashin bonet. Idan ya kai motar gareji, shawarar da zai ji ba za ta wuce huɗu ba. Wani zai ce a kwance famfon a gyara, wani zai ce a nemo ɗan gwanjo ko sabo irinsa, wani zai ce a ɗaura famfon babbar mota domin a huta gaba ɗaya, yanzu kuma an samu masu cewa a sa na lantarki. Zan auna waɗannan hanyoyi a kan tsofaffin Toyota Hilux masu injin gas na 2L da 3L da 5L da mai fetur na 22R, domin su ne har yau suke ɗauke da buhunan hatsi da dabbobi a hanyoyin burji, amma yawancin bayanin ya shafi kowace tsohuwar mota da ke murɗa taya da taimakon mai.

Ba za a fahimci bambancin zaɓuɓɓukan ba sai an san abu biyu da famfon yake bayarwa, waɗanda mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne. A cikin famfon akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a cikin zobe mai siffar ƙwai, a jikinsa kuma akwai tsagogi masu ɗauke da 'yan fikafikan ƙarfe, galibi guda goma, waɗanda suke fitowa su manne da bangon zoben su kwashi mai daga ɓangaren shiga su tura shi ɓangaren fita. Abu na farko shi ne yawan man da yake turawa a minti ɗaya, kuma shi ne ke nuna saurin da taimakon zai biyo hannun direba idan ya murɗa sitiyari da hanzari. Abu na biyu shi ne matsin man, wanda shi ne ainihin ƙarfin da ke tura taya. Yawan man yana ƙaruwa da gudun injin, saboda haka aka sa wani bawul da ke mayar da rarar baya idan an taka totur, a cikinsa kuma akwai wani ƙaramin bawul mai sifirin da ke buɗewa idan matsin ya kai iyakar da kamfani ya tsara. A irin waɗannan motoci iyakar tana ɗara 1,000 da kaɗan a ma'aunin matsi da ake kira psi, littafin gyaran kowace mota kuma ya faɗi nata adadin. An ƙera akwatin sitiyari da mesar mai da dukkan sil ɗin da ke ciki, wato robobin hana yoyo, bisa wannan adadi, kuma duk wanda zai sauya famfo da wani iri dole ya riƙe wannan a ransa.

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a tabbatar cewa famfon ne mai laifi, domin sau da yawa ana jifan gafiya ne alhali ɓera ya yi ɓarnar. Bel da ya saki ko ya yi santsi yana sa sitiyari nauyi tare da ƙara mai kama da kukan tsuntsu idan an murɗa zuwa ƙarshe. A ƙasan gwangwanin man akwai wata 'yar rariya da datti yake toshewa bayan shekaru, sai famfon ya riƙa jan mai da ƙyar yana gurnani, kuma wanke ta da kananzir ko fetur kan kawar da kukan baki ɗaya. Mesar da ke kawo mai daga gwangwani idan ta bushe ta tsage tana shigar da iska ba tare da ta ɗiga ko ɗigo ɗaya ba, alamarta kuwa ita ce kumfa a saman man. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, da tayarod da sauran gaɓoɓin ƙafar gaba da suka bushe babu giris, duk suna nauyaya sitiyari. Idan kuma nauyin yana zuwa ne a ɓangare ɗaya kawai, wato dama ta yi sauƙi hagu ta yi tauri, to matsalar tana cikin akwatin sitiyari, sabon famfo ba zai taɓa ta ba. Alamar famfon da ya gaji da gaske ita ce sitiyari ya yi nauyi a sulo, musamman bayan mai ya yi zafi, ya kuma saki da zarar an ɗan taka totur. Hanyar da ta fi tabbaci ita ce a ɗaura geji mai bawul tsakanin famfo da akwati, a bar mai ya yi zafi, a rufe bawul ɗin a karanta matsin, kuma kada a bar shi a rufe fiye da daƙiƙa 10. Garejin da ke da wannan geji ba su da yawa, amma masu gyaran tarakta da katafila suna da shi, kuma ya cancanci a je gare su.

Gyaran famfon asali shi ne mafi arha, kuma a ganina shi ne aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Idan matsalar yoyo ce ta bakin sandar famfo ko ta murfin baya, ko boris ne ya fara ƙara, to kayan gyaran da suka ƙunshi sil da zobban roba da boris za su mayar da shi yadda yake. Amfaninsa babba shi ne babu abin da zai canza a motar. Biraket yana nan, fuli, wato faifan da bel ke juyawa, yana kan layinsa, mesa za ta koma mazauninta, matsin kuma shi ne wanda Toyota ta tsara. Sharaɗin shi ne bakaniken ya duba cikin zoben da kyau. Idan bangon yana da santsi kamar madubi, famfon yana da sauran rai, amma idan an ga zane-zane masu zurfi ko wani irin gargada da farce ke ji, to sabon sil zai hana yoyo ne kawai, ba zai dawo da ƙarfi ba. Akwai wani abu da masu gaggawa suke tsallakewa. Toyota tana buga alama a jikin zoben da dunƙulen, wadda ke nuna tsawon fikafikan da suka dace da su, tana kuma buga harafi a jikin bawul ɗin da gidansa, domin an auna su ne su dace da juna, saboda haka tattaro kayan ciki daga matattun famfo uku a haɗa ɗaya yakan haifar da famfon da bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka kuma gefen fiffiken da aka daddaɗe shi ne ke fuskantar waje, idan aka juya shi zai cinye zoben cikin ƙanƙanin lokaci. Aikin yana buƙatar tsabta sosai, abin da ke da wuya a garejin da ke kan tsurar ƙasa a lokacin hunturu, domin 'yar ƙura kaɗan ta isa ta maƙale bawul. Wanda zai ba da gyara ya dubi inda za a shimfiɗa kayan kafin ya dubi kuɗin aiki.

Idan zoben ya lalace, sai a koma ga sayen wani irinsa, a nan kuma hanya ta rabu biyu. Ɗan gwanjo na asali, wanda ake kira ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ƙarfensa da aikinsa na kamfani ne, sai dai babu wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki ko damina nawa ta same shi a fili bakinsa a buɗe. Ana iya rage haɗarin da abubuwa masu sauƙi. A juya fulin da hannu a ji ko yana tafiya sumul ba tare da karkarwa ba, a girgiza sandar a ga ko tana da wasa, a karkatar da famfon a ga launin man da zai fito. Jan mai ko mai ruwan ƙasa-ƙasa ba laifi, amma baƙin mai mai ƙaurin ƙuna, ko wanda yake ƙyalli da garin ƙarfe, ko tsatsa a bakin shiga, duk dalilai ne na ajiye shi. A kuma yi yarjejeniya da mai shago a kan kwanakin gwaji kafin a biya. Akwai wani tarko ga masu sayen famfo haɗe da mesa. Kayan da aka kwance daga motocin Japan ko Ingila na masu sitiyari a dama ne, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama da motoci masu sitiyari a hagu, saboda haka ko da famfon ya zauna, mesarsa ba za ta kai akwatinmu ba.

Sabon famfon da ba na kamfani ba yana da kyan gani a kwali, kuma akwai masu kyau a cikinsu, amma ido ba ya bambance mai kyau da jabu, domin bambancin yana cikin taurin ƙarfen zoben da daidaiton bawul. Wanda aka yi da ƙarfe mai laushi yakan yi aiki lafiya na 'yan watanni sannan ya fara niƙe kansa, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga akwatin sitiyari, wanda gyaransa ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin ɗan gwanjo na asali mai tsabtar ciki da sabon da ba a san maƙerinsa ba, zan ɗauki ɗan gwanjon, in sa a sauya masa sil kafin a ɗaura shi. Sabon na kamfani, idan an same shi kuma aljihu ya ɗauka, ya fi su duka.

Ɗaura famfon da ya fi na asali ƙarfi shi ne zaɓin da ya fi jan hankali, kuma shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka, inda masu tsofaffin motocin Ford da Land Cruiser suke cire nasu su sa famfon Saginaw na kamfanin General Motors, wanda aka ƙera miliyoyinsa cikin shekaru masu yawa, ya kuma yi suna wajen juriya da ƙarancin kuka. A can abin yana da sauƙi domin famfon yana ko'ina kuma ana sayar da biraket da aka riga aka auna. Yana da wani amfani kuma, wato ana iya daidaita matsinsa da 'yan washa da ke cikin bawul, idan an rage su matsin ya hau, idan an ƙara ya sauka. Ko a cikinsa ma akwai bambanci, domin waɗanda aka yi kafin 1980 bakin mesarsu na ma'aunin inci ne, na bayan nan kuma na milimita ne mai zoben roba. A wajenmu wannan famfo ba ya yawo a kasuwa kamar kayan Toyota, saboda haka abin da aka fi yi shi ne a ɗauko famfon wata babbar mota a kai wa mai walda ya ƙera masa mazauni.

Matsalolin suna farawa daga mazaunin. Fuli dole ya zauna a kan layi ɗaya da na injin, karkata ta 'yan milimita ta isa ta riƙa cin gefen bel ko ta jefar da shi a hanya, kuma injin gas irin 3L yana da jijjigar da ke tsaga biraket ɗin da aka yi da siririn ƙarfe. Kowane famfo yana da ɓangaren da aka yi shi ya juya, idan aka juya shi akasin haka ba zai tura mai ba. Faɗin fuli ma yana da tasiri, domin ƙarami yana sa famfon gudu a sulo amma yana rage inda bel yake kamawa. Ba kowane babban famfo ne ma zai yiwu ba. Na injin 1HZ na Land Cruiser da na 1KZ da na Hilux masu 1KD da 2KD ba sa amfani da bel, haƙoran giya ne na gaban injin suke juya su, saboda haka ba su da wurin zama a kan injin 2L ko 5L.

Ko an shawo kan duk wannan, sauran tambayar ita ce me ƙarin ƙarfin zai yi wa motar. Idan matsin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ƙarfin da akwatin yake dannawa a kan sandarsa da notunan da suka ɗaure shi da shasi ma ya ƙaru da kashi 20 duk lokacin da taya ta tokare da dutse ko aka murɗa zuwa ƙarshe. Sil ɗin akwati mai shekara talatin da mesar da ta sha rana su ne suke fara bayyana hakan, tsagewar shasi a kewayen akwatin kuma sananniyar cuta ce a motocin da aka sa wa manyan tayoyi. Idan kuma yawan man ne ya wuce abin da akwatin ke buƙata, sitiyarin zai yi sauƙi fiye da kima a kan kwalta, direba ya daina jin hanya a hannunsa, motar ta riƙa amsa 'yar motsi kaɗan a lokacin da ake gudu, rarar man da ke zagayawa a banza kuma ta zama zafi. Sitiyarin da ake juyawa da yatsa ɗaya abin burgewa ne a gareji, amma da buhu ashirin a baya a kan hanyar Kano zuwa Zinder, ɗan nauyi a hannu kariya ne.

Wannan ba ya nufin babban famfo ba shi da wuri. Motar da aka cire wa tayoyin asali irin 205R16 aka sa mata masu inci 31 ko 33 masu faɗi, aka kuma ƙara mata ƙarfen kariya mai nauyi a gaba, tana aiki a yashi ko taɓo inda ake murɗa taya a tsaye, ta riga ta wuce abin da aka auna famfonta a kai. Ga irin wannan, ƙarin yana da hujja, muddin an auna matsin sabon famfon da geji bayan ɗaurawa, an sabunta sil ɗin akwati, an kuma sa sabuwar mesar matsi wadda aka datse bakinta da injin masu haɗa mesar katafila. Mesar matsi ba a ɗaure ta da kilif ko waya, ba a kuma neman yoyonta da tafin hannu, domin siririn mai a wannan matsi yana huda fata.

Famfon lantarki, wanda ɗan ƙaramin injin lantarki ne yake juya shi maimakon bel, ana samunsa a gwanjon ƙananan motocin Turai kamar Opel Astra da Peugeot 307 da Volvo S40. Abin da ke jan mutane gare shi gaskiya ne. Ana iya ajiye shi a duk inda aka samu wuri, babu biraket a jikin injin, babu layin fuli, kuma ƙarfinsa a sulo ba ya raguwa. Lissafin wuta ne yake rage masa daraja. Famfon da ke tura lita 10 a minti a matsin psi 1,450 yana yin aikin kusan kilowat 1.7, wanda a wutar mota mai bolt 12 ya kai amfiya 140 tun kafin a lissafa asara. Famfunan ƙananan motoci ba sa kai wannan, amma duk da haka suna iya jan amfiya 60 zuwa 80 a lokacin da aka murɗa sitiyari a tsaye, alhali altanetar tsohuwar Hilux gaba ɗayanta ba ta cika wuce wannan adadi ba, kuma a sulo abin da take bayarwa yana raguwa sosai. Da dare, fitilu a kunne, batir ne zai riƙa biyan bashin. Ana buƙatar waya mai kauri da babban fiyus, wataƙila da babbar altaneta, wasu famfunan kuma suna jiran saƙon gudun mota daga kwamfutar da tsohuwar Hilux ba ta da ita, sai su tsaya a gudu ɗaya ko su ƙi tashi. An kuma yi su ne domin wani siririn koren mai na musamman da ƙananan motoci masu sauƙin gaba, ba domin akwatin motar lodi ba. Idan ya mutu a ƙauye, bakaniken da zai iya sauya bel a cikin minti goma ba shi da abin da zai yi masa. Na fi ganin dacewarsa a motar da aka sauya wa injin aka rasa wurin ɗaura famfon bel, kuma tana yawo ne a cikin gari.

Idan aka jera su a kan motar da tayoyinta da nauyinta suke yadda kamfani ya yi su, gyaran na asali yana gaba matuƙar zoben yana da lafiya, ɗan gwanjo na asali da aka sabunta wa sil yana biye, babban famfo da na lantarki kuma suna ƙara kashe kuɗi da haɗari ba tare da sun magance wata matsala ta gaske ba. Direban da ya saba da famfon da ya gaji shekara biyar yakan yi mamakin sauƙin da na asali mai lafiya yake bayarwa, har ya ɗauka an sa masa na babbar mota.

Akwai ƙarin da nake ganin ya fi babban famfo amfani a ƙasarmu, kuma kuɗinsa kaɗan ne, wato ɗan ƙaramin lagireto na sanyaya man sitiyari, wanda ake ɗaurawa a kan mesar da ke mayar da mai gwangwani, a gaban lagireton injin. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, man yana tsinkewa, famfon da ya ɗan ci ya kasa riƙe matsi, sil kuma ya bushe. Wannan mesa ba ta da matsi mai yawa, saboda haka kilif ya ishe ta. Man kansa ya kasance ATF, wato man giyar otomatik, irin Dexron II ko III, wanda shi Toyota ta rubuta wa waɗannan motoci. Baƙin man injin ya yi kauri, man birki kuwa yana kumbura robobin ciki ya lalata su cikin kwanaki. Masu injin fetur su lura da wani ƙaramin bawul a jikin famfon mai siraran tiyo biyu da ke zuwa injin, wanda aikinsa ɗaga sulo ne idan an murɗa sitiyari. Idan ya fashe yakan tsotse man ya kai cikin injin, sai a ga mai yana ƙarewa babu yoyo a ƙasa, hayaƙi kuma yana fita ta salansa.

Duk famfon da aka zaɓa, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya, a wanke gwangwani da rariyarsa, a kuma wanke mesa da akwati da sabon mai har sai ya fito ja, domin garin ƙarfen tsohon famfo shi ne ke fara kashe sabo. Bayan an cika gwangwani, a ɗaga gaban motar da jak, injin a kashe, a murɗa sitiyari daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu a hankali kamar sau ashirin ana ƙara mai, har kumfa ta daina tasowa. Daga nan a tayar da injin a bar shi a sulo, a maimaita murɗawar ba tare da an danne sitiyarin a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, a kashe, a duba ma'aunin mai. Bayan tafiyar mako guda a sake duba ƙarfin bel, domin sabon bel yakan saki a kwanakinsa na farko.